Ƙaho da Ma'auni: Labarin Ɗurin Bindigar Toka

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ran Hawan Salla ya ga 'yan bindiga, ya ji ƙararsu, ya shaƙi hayaƙinsu. Amma kaɗan ne cikin masu kallo su kan lura da abin da ɗan bindiga ya ke yi tsakanin harbi da harbi, alhali kuwa a nan aikin ya ke, a nan kuma hatsarin ya ke.

Aikin nan ya daɗe a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka shigo da bindigogi, Babba Zaki kuwa, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga su zama masu tsaron sarki. Duk da haka bindiga ba ta yawaita ba sai can baya. Kyaftin Kilafatan, Baturen nan da a ke kira Abdullahi, ya ga rundunar Sarkin Musulmi Bello a Ƙonya cikin 1826, mutum dubbai, amma bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba. Irin wadda ta yaɗu daga baya ita ce adaka, doguwa mai ƙanƙara, wadda a ke ɗurawa ta baki. Yawancinsu ƙirar Barmingam ne a Ingila da Liyaj a Beljiyam, an yi su da araha musamman don ciniki a gaɓar teku. Waɗansu sun ce mata bindigar toka, masu ba'a kuwa suka sa mata harba-ka-ruga, gama in ka harba ba ka samu ba, ba ka da sauran magana sai ƙafa.

Cikin adaka sumul ya ke kamar gora. Akwai kuwa wata iri wadda a ke tsaga cikinta a murɗe, domin dalma ta fita tana juyawa, ta tafi sak. Maharban Jamus suka fara shahara da ita. Maƙeransu da suka ƙaura zuwa Fensilbaniya a Amurka farkon ƙarni na 18 suka ƙara mata tsawo, suka rage faɗin bakinta don tattalin dalma da albarushi. A hannun maharban dajin nan ne ɗuri da ƙaho da ma'auni ya zama ilmi mai ƙa'ida, sabo da mutumin da ke tafiyar wata guda nesa da kasuwa ba ya wasa da ƙwayar albarushi, ba ya kuwa wasa da yatsunsa.

Dalilin da ya sa aka zaɓi ƙahon sa a fili ya ke. Ba shi da nauyi, ruwa ba ya ratsa shi, ba ya tsatsa, in ya bugi dutse ko ƙarfe ba ya fid da tartsatsi. Lanƙwasarsa kuma ta dace da kwiɓin mutum. A kan dafa shi a ƙwaƙule cikinsa, a toshe gindin da itace, a huda tsinin a yi masa matoshi. Gwanaye su kan kankare shi har ya yi shara-shara, yadda in an ɗaga shi ga rana za a ga iyakar albarushin da ya rage. A yaƙin da Ingila da Faransa suka yi a Amurka daga 1754 zuwa 1763 sojoji sun riƙa zana sunayensu a jikin ƙahoninsu, har da taswirar koguna da garuruwan da suka bi, da yawansu kuwa suna nan ajiye a gidajen kayan tarihi.

To, ƙahon nan mai kyau shi ne kuma abin tsoro. Albarushin dā, wanda a ke haɗawa da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, ba ya ƙonewa ƙurmus. Fiye da rabin nauyinsa ya kan zama hayaƙi da dauɗa, dauɗar kuwa ta kan lafe cikin bututu. Wani lokaci ɗan garwashi ya kan ɓuya a can ƙasa, ko a jikin dauɗar, ko a guntun tsumman da bai gama ci ba, ba mai ganinsa. In mutum ya yi gaggawa ya kafa tsinin ƙaho a bakin bindiga ya tsiyaya, albarushin farko da ya sauka sai ya kama, wutar ta biyo zubin ta hau, ta shiga ƙahon da ke cike. Abin da ya isa harbi hamsin ya tashi gaba ɗaya a tafin hannu, kusa da fuska. Daga nan babbar doka ta fito, wadda duk maharbin kirki ya ke koya wa ɗansa tun kafin ya bar shi ya taɓa kunama: ba a zuba albarushi daga ƙaho zuwa bindiga. Sai a zuba a ma'auni, a mayar da matoshin ƙaho, a tura ƙahon baya, kāna a juye ma'aunin a bututu. In akwai garwashi, abin da zai tashi awo ɗaya ne, ya babbake gira ko ya ƙona yatsa, mutum ya koma gida da hannunsa.

Ma'aunin kansa ba wani abin kallo ba ne. Ɗan bututu ne na ƙahon barewa, ko kara, ko tagulla, ɗaure da igiya a jikin jakar maharbi, an yanke shi daidai cikin bindiga guda. Tsofaffin maharban Amurka suna da wata dabara ta neman awon farko: a ɗora dalma a tafin hannu, a zuba albarushi har ya rufe ta. Awon ganin ido ne, tafin wani kuwa ya fi na wani zurfi. Sabo da haka mai hankali ya kan yi ta gwaji, yana ragewa yana ƙarawa kaɗan kaɗan, har ya sami awon da bindigarsa ta fi so, sa'an nan ya yanke ma'auninsa a nan, ba ya sāke shi. Amfaninsa biyu ke nan, ya raba wuta da rumbu, ya kuma hana son zuciya. Gama mutane da yawa suna zaton ƙarin albarushi ƙarin ƙarfi ne. Gaskiya kuwa, in awo ya wuce haddi, galibin ƙarin hayaƙi ne da ƙara da naushin kafaɗa, wahalar kuwa bututu ke shanta. Bindigogin ciniki ba su da ƙarfen jure wannan, fashewarsu a hannun masu ɗuri da yawa kuwa sanannen abu ne a duk Afirka ta Yamma. A Barmingam ma sai cikin 1813 aka kafa gidan gwajin bututu bisa dokar majalisa.

Ga yadda maharbi mai natsuwa ya ke yi. Ya ja kan bindiga, wanda ke riƙe da ƙanƙara, zuwa matsayin farko inda kunama ba ta iya sakinsa. Ya kafa gindinta a ƙasa, bakin ya kauce wa fuskarsa da ta kowa. In ya riga ya harba, ya kan share bututun da ƙyalle mai ɗan laima, ya bi da busasshe. Ya auna, ya toshe ƙaho, ya juye, ya ɗan bubbugi gefen bindigar don albarushi ya zauna. Sa'an nan ya shimfiɗa ƙyallen da aka shafa wa kitse a bakin, ya ɗora dalma, ya danna ta ciki, ya yanke abin da ya yi saura. Ƙyallen nan shi ke kama tsagar bututu ya sa dalma juyawa. Ya tura da sandar ɗuri, a hankali, yana riƙe da ita ta gefe ba tare da ya ɗora tafinsa ko haɓarsa a kanta ba, har ya ji dalma ta zauna daram bisa albarushi. Wannan wuri ne da ba a sakaci, domin in dauɗa ta tsai da dalma a tsakiya, aka bar sarari tsakaninta da albarushi, bututu ya kan kumbura ko ya tsage. Abu na ƙarshe shi ne ɗan albarushi mai laushi da a ke sawa a kaskon gefe, inda tartsatsin ƙanƙara ke faɗawa. Muddin kaskon nan ba kome, da wuya bindiga ta tashi daga kunama, shi ya sa a ke barinsa ƙarshe. In kuwa an ja kunama ta yi shiru, ba a leƙa bakinta, gama albarushi mai sanyi ya kan yi jinkiri sa'an nan ya tashi.

Soja bai sami wannan sukuni ba. A ƙa'idar sojan Ingila awo ya kan zo a naɗe cikin takarda tare da dalma, soja ya ciji takardar, ya fara sa wa kasko, kāna ya juye saura a bututu. An sayi sauri da hatsari ke nan. Amma da suka karɓi bindigar Ezikiyel Beka mai tsaga cikin 1800, sai ga ƙaho ya komo kafaɗar waɗanda aka ba su ita, don harbin nesa mai bukatar awo da ƙyalle. Mai ita ya kan yi harbi kamar biyu a minti, mai sumul ya yi uku ko fiye, amma na farkon ya kan sami mutum a yadi 200, inda na biyun sai dai sa'a.

Abin da ruɗewa ke yi wa mai ɗuri ya bayyana a Getisbag cikin 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka. Bayan faɗan an tsince bindigogi 27,574 a fili. Wajen 24,000 a ɗure su ke, da yawansu kuwa ɗuri fiye da ɗaya ne a ciki, har aka sami wata mai ɗuri 23. Cikin ƙara da hayaƙi mutum bai san tasa ba ta tashi ba, sai ya yi ta ƙarawa. Maganin wannan tsoho ne, ba ya kuwa cin ko anini: a yi wa sandar ɗuri alama biyu, ɗaya inda ta ke tsayawa in bututu ba kome, ɗaya inda ta ke tsayawa in da ɗuri guda. Kowace bindiga aka ɗauka, ko ta gado ce da ta shekara ashirin a rataye, sanda za a fara tambaya, domin albarushin dā in bai jiƙe ba ba ya mutuwa.

A Turai zamani ya wuce da sauri. Wani limamin kirista na Sikotlan, Fosait, ya fito da hanyar tayar da bindiga ba ƙanƙara cikin 1807, Kyaftin Minye na Faransa ya kawo dalmar da ba ta bukatar ƙyalle cikin 1849, ba a daɗe ba masu ɗuri ta gindi suka kori masu ɗuri ta baki. A Afirka kuwa yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana sayar wa mutanen ƙasa bindigogin zamani, ta bar musu mai ƙanƙara marar tsaga da albarushin ciniki. Wannan na cikin dalilan da suka sa adaka ta yi tsawon rai a hannun maharba da 'yan bindigar sarakuna, maƙeran gida kuma suka koyi gyaranta da ƙirarta.

Sabon hatsari ya zo tare da albarushi marar hayaƙi, wanda aka fara yi a Faransa cikin 1884. Ƙarfinsa ya ninka na dā, ba a kuwa auna shi da ma'aunin dā. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye cikinsa a bindigar toka ya ɗora wa bututun abin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Ɗurin ranar hawa ba shi da dalma, albarushi ne da tsumma ko takarda, don ƙara kawai. Wannan ya kan sa a raina shi. Amma tsumma da takarda su ne suka fi barin garwashi, harbin kuma a jere ya ke cikin taro da gaggawa, bututu da zafi, ga dawaki ga yara. Abin toshiyar ma in ya fita kusa ya kan huda fata, ya kan kuma fid da ido.