Hoton yunwa da amanar mai bayarwa: waiwaye daga 1919 zuwa 2005

Duk ƙungiyar agajin da ke rayuwa da kuɗin jama'a tana da tambaya guda a gabanta: me za ta faɗa wa mai bayarwa har ya buɗe hannunsa? A cikin wannan ɗan nazari za mu bi sawun amsoshi biyu da tarihi ya bayar, wato tausayi da amana.

Hanyar tausayi ita ce ta fi daɗewa. A 1919 Eglantyne Jebb, wadda ta kafa ƙungiyar Save the Children tare da ƙanwarta, ta rarraba takardu a Landan ɗauke da hotunan yaran Ostiriya da yunwa ta ƙanjame, har kotu ta ci ta tarar fam 5. Dabarar ta yi aiki, aka kuma maimaita ta a yaƙin Biyafara a 1968, sannan a Habasha, inda rahoton BBC daga Korem a watan Oktoba 1984 ya kai ga wasan Live Aid na 13 ga Yuli 1985. Kuɗi sun samu, amma mutuncin waɗanda aka nuna ya zube. Shi ya sa ƙungiyoyin Turai suka tsara ƙa'idar hotuna da saƙonni a 1989, ƙa'idar ƙungiyar Kurwa Ruj ta 1994 kuma ta buƙaci a nuna wanda masifa ta afka wa a matsayin mutum mai daraja.

Sai dai babban aibin hoto shi ne jinkiri, kuma a ƙasarmu muka ga haka. Bayan fara da ƙarancin ruwan sama na 2004, Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16 domin Nijar a watan Mayu 2005, aka yi kunnen uwar shegu da kiran. Sai da BBC ta nuna yaran Maraɗi masu tamowa a watan Yuli sannan tallafi ya ɓarke, a watan Agusta aka ɗaga buƙatar zuwa kimanin miliyan 81. Ke nan sai da yaro ya rame har ya cancanci hoto kafin a ji kukansa.

A wannan shekara kuma muka ga hanya ta biyu. A farkon Janairu 2005, ƴan kwanaki bayan ambaliyar tsunami ta Asiya, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shaida wa jama'a cewa abin da ta samu ya ishe ta aikin can, ta daina karɓa. Daga baya ta nemi izinin masu bayarwa ta karkata rarar zuwa wasu wurare, har da Nijar, inda ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani a shekarar. Ta fara aikin tun kafin ƴan jarida su iso.

A ganinmu darasin ya shafi ƙungiyoyinmu na gida, daga Tawa zuwa Damagaram. Wadda ta saba faɗa wa mai bayarwa nawa ta samu, ina ta kashe, me ya rage, ita ce za a saurara in ta yi gargaɗi tun hatsi bai ƙare a rumbu ba.