Dutse, Jema da Tafki: Tsara Gaɓar Rafukan Sharaɗa, Challawa da Bompai Don Rage Gurɓatar Ruwa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda za a tsara gangaren rafukan da ke kwashe dagwalon masana'antun Kano ta hanyar jera dutse, haƙa tafkuna da dasa tsirrai. Matsayarta ita ce wannan tsari na iya rage zaizayar ƙasa da datti, amma ba zai ɗauke wa masana'anta nauyin tace ruwanta ba.

1.0 Gabatarwa

Ruwan da ke fita daga masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, wanda shi ma yake karɓar dagwalon rukunin masana'antun Challawa. A ƙasa da nan ne matatar ruwa ta Tamburawa take. Na Bompai kuwa yana bin rafin Getsi ya haɗu da rafin Jakara, su zube a dam ɗin Wasai da ke Minjibir. A tsawon wannan hanya, 'yan lambu na ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da ruwan, sannan kayan su shigo kasuwannin birni. Mafi haɗari a cikin dagwalon shi ne sinadarin kiromiyom da majemu na zamani ke jeme fata da shi, domin ba ya ruɓewa. Taruwa yake yi a cikin laka da tsirrai.

2.0 Tsarin da Ake Ba da Shawara

2.1 Dakalan dutse. Ruwan saman Kano yakan sauka da ƙarfi, musamman a watan Agusta, ya kwashe gaɓar da ba ta da ciyawa. Idan aka yanka gangaren hawa-hawa, aka tokare kowane hawa da dutse ko marmara a cikin ragar waya, ruwa zai rage gudu. Ragar ta fi siminti dacewa, domin tana barin ruwa ya tsiyaye maimakon ya taru a bayan bango ya ture shi.

2.2 Jeren tafkuna. A tafkin farko laka za ta kwanta. Daga nan ruwan ya gangara ta kan duwatsu ya sha iska, sannan ya ratsa shimfiɗar tsakuwa mai tsirrai. Dole a daɓe ƙasan kowane tafki da yumɓu don kada dattin ya kai ga rijiyoyin makwabta. Asalin dabarar tace ruwa da tsirrai na komawa ga gwaje-gwajen Käthe Seidel a Jamus a shekarun 1950.

2.3 Zaɓen tsirrai. Ciyawar jema ta fi dacewa da bakin dakalai saboda saiwarta na nitsewa ƙasa sosai ta riƙe gaɓa. Ciyawar kacala na tace ruwa, amma yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru ya isa gargaɗi: a killace ta, a riƙa yanke ta kafin ta yi iri.

3.0 Iyakar Tsarin

Tsiron da ya zuƙi kiromiyom ya zama shara mai guba. Bai halatta a ba dabbobi shi ba, haka kuma lakar da aka yashe ba taki ba ce. Don haka ba a dasa abin ci a irin wannan wuri. Idan kuma dagwalo ya zo ɗanye daga majema, tsirran kansu mutuwa za su yi.

4.0 Kammalawa

Aikin zai yi tasiri ne kawai idan hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano suka tabbatar kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ya fito. Ya kamata a fara gwaji a wani yanki na Getsi ko Salanta, masana daga Jami'ar Bayero su riƙa auna ruwan rani da damina, a kuma sa 'yan lambu a cikin shawara, domin su ne ruwan ke fara taɓawa.