Shekarar 1899: Yadda Yaƙin Voulet Da Chanoine Ya Ci Talakawa

 A wannan fitowa mun ga ya kamata mu waiwayi shekarar da Nasara suka shigo ƙasarmu da bindiga, domin yaranmu da yawa sun san sunan Voulet da Chanoine a lakwal, amma ba su san cewa ƙarshen labarin a nan kusa da mu ya faru ba. Daga Kance zuwa Maijirgi, inda aka binne mutanen nan biyu, bai kai tafiyar kwana biyu a ƙafa ba. Haka kuma daga nan zuwa Tirmini, inda aka karya rundunar Damagaram.

Asalin abin kuwa shi ne, a ranar 14 ga Yuni 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu a kan takardar raba ƙasa a birnin Paris. Suka ja layi a taswira, Ingila ta ɗauki Sakkwato da Kano da ƙasa mai ruwa, aka bar wa Faransa arewa mai rairayi da ƙarancin rijiyoyi. Ba a tambayi sarki ko talaka ko ɗaya ba. Sai Faransa ta shirya runduna uku su haɗu a Tafkin Cadi: ɗaya daga Aljeriya ta ƙetaro hamada, ɗaya daga Kwango, ta uku daga yamma ta bi ta ƙasar Hausa. Wannan ta ukun aka ba Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine, waɗanda suka riga suka yi suna wajen rashin imani tun da suka ci Wagadugu a 1896.

Turawan da ke cikin rundunar ba su kai goma ba. Sauran duka baƙar fata ne, watau sojoji da 'yan dako da mata da bayin da ake kamawa a hanya, har taron ya kai kimanin mutum 2,000, ga dawaki da shanu da raƙuma. Gwamnatinsu ba ta ba su guzurin da zai ishe su ba, ta bar su su ci daga ƙasa. To, jama'a, kowa a cikinmu ya san abin da rijiyar ƙauye take iya bayarwa da bazara, ya kuma san abin da ke saura a rumbu kafin damina. Taro irin wannan in ya sauka a gari, a yini guda zai ƙafar da rijiya ya share rumbuna. In mutane sun ƙi bayarwa a harbe su, in sun gudu daji a sa wa garin wuta. Tun daga shirin tafiyar aka riga aka yanke wa talaka hukunci.

A watan Janairu 1899 suka faɗa wa Sansane Hausa a bakin kogin Kwara, suka kashe mutum 101, har da mata da yara. 'Yan dako kuwa ana ɗaure su wuya da wuya, wanda ya gaji ya faɗi a kashe shi, a kama wani a gari na gaba a ɗora masa kayan. Ɗan jagora in ya ɓace hanya ko aka zarge shi da ɓoye rijiya, sai a rataye shi. A watan Afrilu suka isa Lugu, inda Sarauniya Mangu da mutanenta Azna suka tare su da baka da kibiya, sa'an nan suka janye cikin daji, aka ƙone garin. A watan Mayu suka shiga Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa mai dubban mutane, suka yi kisan da har yau shi ake fara ambata in ana maganar ta'asar Faransa a Afirka. Daga nan suka yi gabas ta ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, suka nufo Tasawa.

Labarin ya kai Paris ta wasiƙar wani hafsa mai suna Péteau, wanda Voulet ya kora daga rundunar. Sai aka umarci Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓi rundunar. Bai sha wuyar gane hanya ba, don kangaye da toka da gawawwaki suka yi masa jagora. Ya rubuta cewa ya tarar da rijiyoyi cike da gawa, a Koran Kalgo kuma ya ga 'yan mata ƙanana a rataye a bishiya. Ranar 14 ga Yuli 1899 ya cim musu a Ɗankori, kusa da Tasawa. Voulet ya sa aka buɗe masa wuta, Klobb ya faɗi matacce. Daga nan Voulet ya ce shi ya bar Faransa, zai kafa daular kansa. Sojojinsa baƙar fata suka ga in sun bi shi ba za su sake ganin gida ba, sai suka juya masa baya, suka harbe Chanoine ranar 16 ga wata, washegari suka harbe Voulet. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Amma mutuwarsu ba ta tsayar da tafiyar ba. Sauran hafsoshi, Pallier da Joalland, suka tattara rundunar suka nufi Zinder, da hujjar ɗaukar fansar Kaftin Cazemajou wanda aka kashe can a watan Mayu 1898. A ƙarshen Yuli Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya tare su a Tirmini da dawakinsa, amma bindiga mai nisan zango ta fi ƙarfin mashi. Suka shiga Zinder, a watan Satumba suka kashe sarkin, suka naɗa Amadu ɗan Bassa. Kance tana ƙarƙashin Damagaram a wancan zamani, saboda haka faɗuwar Zinder ita ce ta sa mu a hannun Faransa. A watan Afrilu 1900 rundunonin uku suka haɗu suka kashe Rabe a Kusuri, burin Faransa ya cika.

Abin da ya biyo baya iyayenmu sun gan shi da idonsu: haraji, da karɓar gero da dabbobi, da aikin dole wanda ba a soke shi ba sai a 1946, da iyakar da ta raba mu da 'yan uwanmu na Daura da Katsina. A 1906 ma Faransawa suka tuɓe Amadu ɗan Bassa da kansu, suka kai shi gudun hijira.

A Faransa kuwa, abin da ya tayar da hankalin mutane shi ne hafsan Faransa ya harbe hafsan Faransa a ranar bikin ƙasarsu. Aka yi bincike, aka rufe shi a 1902, aka ce zafin ranar Afirka ne ya taɓa wa mutanen biyu ƙwaƙwalwa. Mu dai muna tambaya: wace rana ce ta taɓa waɗanda suka aiko mutum 2,000 ba guzuri? Ƙasar da aka ci da wannan ta'asa kuma ba a mayar da ita ba sai ranar 3 ga Agusta 1960. Sunan Klobb yana cikin kowane littafi, amma 'yan matan Koran Kalgo da 'yan dakon da suka mutu a hanya ba a rubuta sunan ko ɗayansu ba.

Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, sun yi nasu ƙoƙarin. Saura namu. Waɗanda suka ga shekarar nan duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka ji daga bakinsu ma sun tsufa. Don haka muna roƙon kowane ɗan ƙungiya, musamman malamai da 'yan makaranta, in ya zo gida hutu ya zauna da kakanninsa ya tambaye su abin da suka ji game da zuwan Nasara: wa ya tafi Tirmini, wa aka kama dako, ina aka ɓoye hatsi, wane gari ne ya tashi. A rubuta da boko ko da ajami, da sunan mai ba da labari da unguwarsu, a miƙa wa magatakardan ƙungiya, mu kuma za mu riƙa bugawa a wannan takarda.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.