Nutsewar Jirgin Mendi a Shekarar 1917

Wanda bai taɓa ganin teku ba, in ya ji an ce jiragen ruwa biyu sun yi karo sai ya yi mamaki, ya ce ruwa da faɗinsa haka, ina abin karo? To, ga labarin wani jirgi mai suna Mendi, wanda ya nutse kusa da gaɓar Ingila a zamanin Yaƙin Duniya na Farko, mutum 646 suka halaka, alhali kuwa ba a harbe shi da ko harsashi guda ba.

Shi wannan jirgi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. An ƙera shi a Glasgow cikin 1905, yana cikin jiragen Elder Dempster masu kai da kawowa tsakanin Libaful da Afirka ta Yamma da fasinja da kaya. Cikin 1916 Gwamnatin Ingila ta ɗauke shi haya don jigilar soja. A Ikko aka gyara cikinsa, aka mai da ɗakunan kaya wurin kwanan mutane. Yana cikin jiragen da suka kwashi sojan Nijeriya zuwa Darussalam, don yaƙi da Jamusawa a Afirka ta Gabas.

A watan Janairu 1917 ya tashi daga Cape Town da mutum fiye da 800, galibinsu baƙar fata ne na Afirka ta Kudu. An ɗauke su ne aikin lebura a Faransa, watau sauke kaya a tashoshin jirage, da saran itace, da gyaran hanya, gama gwamnatin ƙasarsu ba ta yarda baƙar fata ya riƙe bindiga a yaƙin Turawa ba. Da yawa cikinsu mutanen karkara ne, ba su taɓa shiga jirgin ruwa ba, ba su kuwa iya iyo ba. Jirgin ya biyo ta Ikko, aka kafa masa igwa a baya, sa'an nan ya wuce Saliyo, har ya isa Plymouth ta Ingila lafiya. Ran 20 ga Fabrairu ya tashi zuwa Le Havre ta Faransa, wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Brisk yana yi masa rakiya. Tafiyar dare guda kaɗai ta rage musu.

Cikin daren nan hazo ya sauko, irin wanda mutum ba ya ganin abin da ke gabansa. Dokar teku kuwa sananniya ce ga kowane kyaftin, watau sarkin jirgi: in hazo ya rufe, a rage gudu, a riƙa busa ƙaho a kai a kai don na kusa su ji. Mendi ya bi doka. Amma akwai wani babban jirgi mai suna Darro, wanda ya tashi daga Faransa za shi Ajantina, girmansa ya kusa uku na Mendi. Shi wannan yana zabga gudu iyakar ƙarfinsa, ba ya busa kome.

Wajen ƙarfe 5 na asuba ran 21 ga Fabrairu, kudu da tsibirin Wight, sai goshin Darro ya soki Mendi a gefen dama, daidai ɗakunan da mutane suke barci. Waɗansu nan take suka mutu, waɗansu ruwa ya rutsa da su a ciki. Jirgin ya karkata dama, har kwale-kwalen ceto na gefen hagu suka yi wuyar saukarwa. Ba a yi rabin sa'a ba ya nutse.

To, a nan abin baƙin cikin yake. Mutane masu yawa sun fito da ransu, suna sanye da rigunan da ke hana nutsewa, waɗansu sun rungumi katako. Amma lokacin tsakiyar hunturun Turai ne, ruwan nan kamar ƙanƙara, mutum ba ya daɗewa cikinsa sai jiki ya sandare. Wanda ke cikin irin wannan hali bukatarsa a tsamo shi yanzu yanzu. Brisk ya sauke kwale-kwalensa yana laluben mutane cikin duhu. Darro kuwa, wanda ya fi shi girma da wurin zuba mutane, ya tsaya nan kusa sa'o'i, kyaftin ɗinsa Henry Stump bai sa an sauke kwale-kwale ko guda ba. Da gari ya waye an yi hasarar mutum 616 na Afirka ta Kudu, 607 cikinsu baƙar fata, da ma'aikatan jirgi 30. Har yau mutanen can suna ba da labarin wani malamin Kirista mai suna Isaac Wauchope Dyobha, wai ya tsaya yana ƙarfafa zukatan 'yan'uwansa su karɓi mutuwa kamar maza. Shi ma yana cikin waɗanda suka rasu.

Da aka zauna bincike a Ingila sai aka ɗora wa Stump laifi: ya yi gudu cikin hazo, bai busa ƙaho ba, bai kuma kai gudummawa ba. Hukuncinsa shi ne aka karɓe takardarsa ta tuƙi har wata 12. Ran 9 ga Maris 'yan Majalisar Afirka ta Kudu suka miƙe tsaye don girmama matattu. Amma da yaƙi ya ƙare, gwamnatin ƙasar ba ta bai wa baƙar fatarta na wannan ƙungiya lambar yaƙi ba, ko da waɗanda suka tsira daga ruwan.

Duk da haka gaskiya ba ta ɓata. An rubuta sunayensu a dutsen tunawa na Hollybrook a Southampton. Cikin 1974 aka tabbatar da inda gawar jirgin take kwance a ƙarƙashin teku. Bayan mulkin wariyar launin fata ya faɗi, Afirka ta Kudu ta sa wa lambar jaruntakarta sunan Mendi, ta kuma sa wa wani jirgin yaƙinta. Cikin 2018 Ingila ta mayar mata da ƙararrawar jirgin.

Mai karatu ya auna da kansa. Hazo daga Allah yake, ba mai iya hana shi sauka. Amma gudu cikin hazo ganganci ne, sauri kuwa ya haifi nawa. Tsayawa ana jin kukan mutane cikin ruwa ba a miƙa hannu ba, wannan ya fi gangancin muni. Wanda duk aka ba shi riƙon rayukan jama'a, ko direban mota ne ko mai fito a bakin Kwara, ya kamata ya riƙa tunawa da asubar nan.