Azurfa Biyu Da Aka Manta Da Su: Tarihin Wasan Besbol A Wasannin Afirka

Da Edita ya nemi in rubuto wani abu na tarihi, sai na tuna da tafiyar da aka kai mu Abuja cikin watan Oktoba na 2003, muna aji huɗu, don kallon Wasannin Afirka karo na takwas, waɗanda kowa ya fi sani da COJA. Waɗanda suka shiga motar nan za su tuna cewa ƙwallon ƙafa muka je gani. Da muka isa babban filin wasa, tikiti ya gagara. Malaminmu na wasanni, Allah ya saka masa da alheri, ya ce ba zai koma da mu gida hannu rabbana ba, ya tasa mu gaba zuwa wani fili da ke gefe, inda babu cunkoso. Can muka tarar da 'yan Nijeriya cikin hula hana-salla da dogon wando, kowa da ƙatuwar safar fata a hannu ɗaya. Muka zauna wajen awa biyu muna tafi, alhali ba mu san wa ke cin wani ba.

Sai da na girma na fahimci abin da muka kalla. Sunansa besbol, wasan mutanen Amurka ne, amma Japan, Kyuba, Koriya ta Kudu da Benezuwela duk sun riƙe shi hannu bibbiyu. Kowane ɓangare mutum tara ne. Ana kafa masauki huɗu a kusurwoyi huɗu, tsakanin kowane biyu ƙafa 90. Mai jifa yana tsayawa a tsakiya, nisan ƙafa 60 da inci 6 daga mai kulki, ya wurgo masa ƙwallo. In ya doke ta, sai ya yar da kulkin ya ruga masauki na farko kafin a tsinto ƙwallon a riga shi. Wanda ya kewaye masaukan nan ya dawo gida, ya ci ɗaya. In mai kulki ya kuskure sau uku ya fita, in an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu tsaro su koma duka. Haka za a yi har zagaye tara. Ashe rabin tafin da muka yi ran nan, 'yan wasanmu ake fitarwa.

To, yaya aka yi wasan da ko a makarantunmu ba a san shi ba ya shiga Wasannin Afirka? Su dai waɗannan wasanni an fara su a Barazabil a 1965, Legas ta karɓi na biyu a 1973, kuma aka yi shekaru fiye da talatin babu besbol a ciki. Abin da ya sauya lissafi shi ne Olamfik. Daga wasannin Basalona na 1992 besbol ya zama wasan da ake ba da lambar yabo a kansa, saboda haka kowace nahiya ta bukaci hanyar fitar da gwaninta. Tun 1990 aka kafa ƙungiyar besbol ta Afirka, kuma abin mamaki a Legas aka kafa ta. Sa'an nan ga Afirka ta Kudu, wadda Amurkawa masu haƙar zinariya suka kai wa wasan tun ƙarshen ƙarni na 19. Mulkin wariyar launin fata ya sa an daɗe ana ƙaurace mata, sai a Harare a 1995 ta fara shiga Wasannin Afirka. Da karɓar baƙunci ya zo kanta a Johannasbag a 1999, sai besbol ya samu shiga.

A wannan gasa ta 1999 Afirka ta Kudu ta ɗauki zinariya, Nijeriya azurfa, Zimbabuwe tagulla. Gana ta zo ta huɗu, kuma mai horar da ita wani Bajapane ne, ma'aikacin hukumar ba da agaji ta ƙasarsu, wanda ke yin aikin a lokacin hutunsa. Nasarar ta ba Afirka ta Kudu damar karawa da tsibirin Guwam, ta doke shi, ta tafi Olamfik na Sidni a 2000. Can ta sha kashi a duk wasanninta in ban da ɗaya, inda ta ci Holan 3 da 2. Har yau ita kaɗai ce ƙasar Afirka da ta taɓa buga besbol a Olamfik.

Bayan shekara huɗu aka zo Abuja, aka gina wa wasan fili nasa a harabar sabon filin wasa na ƙasa, wanda aka sa wa sunan Moshood Abiola a 2019. Sakamakon bai sauya ko ɗaya ba: Afirka ta Kudu, Nijeriya, Zimbabuwe. Wannan karon Ostireliya ce ta tare wa Afirka ta Kudu hanya, ita ta tafi Atan a 2004, ta kuma dawo da azurfa. Ke nan mu da muka zauna a benci muna cin gyaɗa, mun ga ƙasarmu a kan hanyar cin azurfarta ta biyu a jere, kuma mun ga gasar besbol ta ƙarshe da aka yi a Wasannin Afirka.

Dalilin ƙarewarta ba boyayye ba ne. A watan Yuli na 2005, a taronsa na Singafo, Kwamitin Olamfik na Duniya ya jefa ƙuri'ar cire besbol daga wasannin 2012. Tun da babu kujerar Olamfik da za a nema, gwamnatoci suka daina ganin dalilin sayen kulake da safar hannu daga ƙetare. Aljes a 2007, Maputo a 2011, Barazabil a 2015, Rabat a 2019, da Akara a 2024, duk an yi babu shi. A ganina, a nan bambancinmu da Afirka ta Kudu ya fito fili. Su suna da kulob-kulob na unguwa da gasar yara, don haka wasan ya ci gaba ko babu gwamnati. Daga irin waɗannan kulob ne Gift Ngoepe ya fito, wanda a 2017 ya zama ɗan wasa na farko haifaffen Afirka da ya buga a babbar gasar Amurka, a ƙungiyar Pittsburgh Pirates. Mu kuwa daga sama muka soma gini. Aka tara zaratan samari, aka horar da su don gasa, suka yi abin yabo, da gasa ta watse kowa ya kama gabansa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda abu ke mutuwa in an cire layinsa daga kasafin kuɗi, ba sai wani ya yi mugunta ba.

Shaida ta zo a 2019, lokacin da besbol ya komo don Olamfik na Tokyo, aka sake shirya gasar Afirka a ƙasar Afirka ta Kudu. Masu gida suka sake yin na ɗaya, amma na biyu Yuganda ce, ƙasar da ta shuka wasan a makarantu har yaranta suka je gasar yara ta duniya a Amurka a 2012. Nijeriya ba ta ma buga a can ba, Burkina Faso ce ta wakilci Afirka ta Yamma. Wasan zai sake dawowa a Olamfik na Los Anjalis a 2028.

Na kawo wannan ne saboda muhawarar da aka yi a taronmu na shekara, kan ko mu sayi kofuna da riguna don gasar gidaje, ko mu kewaye filin makaranta da masu gine-gine suka soma ci daga gabas. Ni ina bayan kewaye fili, kuma na faɗa a gaban kowa. A filin nan ne, da muka dawo daga Abuja, 'yan ajinmu suka yi zango guda suna buga besbol da taɓarya da ƙwallon tanis, jakunkunan makaranta ne masaukai, har ranar da aka fasa gilashin ɗakin gwaje-gwaje aka hana mu. Wanda ya yi dukan ya san kansa, yanzu babban mutum ne, ba zan tona masa asiri ba.

Malam ya sa an ɗauke mu hoto ran nan tare da wasu 'yan wasan Nijeriya, nawa ya ɓace a ƙaura. Don Allah duk wanda nasa ke nan, ya aiko wa Edita a buga a fitowa ta gaba.