Yadda Gyaran Tsofaffin Baburan Ruwa Ya Zama Sana'a Mai Zaman Kanta

Wanda ya ja tsohon babur ɗin ruwa na shekarun 1990 zuwa wurin dila a Amurka yau, da wuya a karɓa masa. Diloli da yawa ba sa taɓa abin da ya haura shekara goma, kuma yaran da ke aiki a garejinsu da kwamfuta aka koya musu gano ciwon inji, wasunsu ba su taɓa kwance kafireta ba. Sai a yi masa kwatancen wurinmu, wato ƙananan garejin nan na bayan gari, kusa da tafki ko bakin teku, inda ƙaurin fetur da baƙin mai ke tarbar mutum tun daga ƙofa. A irin wannan gareji na koyi aiki a Florida, a hannun wani dattijo da ya san waɗannan injina tun suna cikin akwati. A wurinsa da ire-irensa na ji yadda ilimin wannan abin hawa ya baro hannun kamfanoni sannu a hankali, ya dawo hannun ƙananan makanikai.

Mafarin abin wani mutum ne, Clayton Jacobson II, mai sha'awar tseren babur a jejin Kalifoniya. Ya so ya sami daɗin babur a inda faɗuwa ba za ta saɓule wa mutum fata ba, shi ya sa ya koma ruwa. A tsakiyar shekarun 1960 ya ƙera samfurinsa na farko da alminiyam, wanda ake tuƙawa a tsaye. Kamfanin Bombardier na Kanada ya ɗauki fasaharsa, ya fitar da Sea-Doo na farko a 1968, na zama, mai launin ɗorawa, da inji mai silinda ɗaya da iska ke sanyaya shi. Injin da aka kulle cikin jikin jirgi kuwa ina zai sami iska? Zafi da tsatsar ruwan gishiri suka dame shi, zuwa 1970 kamfanin ya jingine aikin. Har yau waɗannan abubuwa biyu, zafi da tsatsa, su ne abokan gabarmu na farko.

Daga nan Jacobson ya haɗa kai da Kawasaki ta ƙasar Jafan. A 1973 aka fitar da Jet Ski na farko mai injin cc 400, a 1976 JS400 ya shiga kasuwa sosai, JS440 ya biyo baya a 1977, sannan JS550 a 1982. Injin duk waɗannan mai bugu biyu ne, irin na ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai: ba shi da nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, mutum biyu na iya ɗaga babur ɗin gaba ɗaya su sa a bayan a-kori-kura. Babu farfela a waje. Tana cikin wani bututu a ƙarƙashin jirgin, tana zuƙo ruwa ta feso shi ta baya da ƙarfi, kuma da karkata bakin feshin nan ake juya akala. Shi ya sa wanda ya saki totur ya rasa sitiyari.

Makanikan farko na wannan fage 'yan tsere ne. Ba lalacewa ce ta kai su ga kwance inji ba, neman gudu ne. Suka riƙa faɗaɗa ƙofofin silinda, suna sauya salansa, suna sa kafireta mai faɗin baki. Ƙananan masana'antu irin su Westcoast da PJS da Skat-Trak suka taso suna ƙera kayan ƙarin ƙarfi da farfelar ƙarfe. A 1982 aka kafa ƙungiyar tseren baburan ruwa ta IJSBA, kuma tun daga shekarar ake yin gasar duniya a Lake Havasu City da ke Arizona. Maigidana yakan ce duk abin da ya sani game da bugu biyu a bakin ruwa ya koye shi, domin ɗan tsere ne kaɗai ke tura inji har iyakarsa, ya ga inda zai fara karyewa. Wannan ilimi ne muka gada, ko da yake mu yanzu neman tsawon rai muke yi wa injin.

Babur na tsaye yana da wuyar koyo, mutum sai ya sha ruwa ya ƙoshi kafin ya iya miƙewa a kansa. Kasuwa ta buɗe ne da na zama. Yamaha ta fitar da WaveRunner 500 a 1986, Bombardier ta dawo da Sea-Doo a 1988, Polaris ta shigo a 1992, Arctic Cat ta biyo da Tigershark. Magidanci ya ga abin da zai ɗauki matarsa da ɗansa a kai. A 1995 an sayar da kusan 200,000 a Amurka kaɗai, kuma ba a sake kai wa wannan adadi ba. A shekarun nan kamfanoni suka shiga rige-rigen ƙarfi: Yamaha da injinta na 701 da ke cikin SuperJet da WaveBlaster, Kawasaki da 750, Sea-Doo da injinan Rotax 717 da 787 da 951. Yawancin abin da ke shigowa garejinmu yau 'ya'yan wannan zamani ne.

Sai dai injin yana da aibi, kuma mai gaskiya a cikinmu ba ya ɓoye shi. Bugu biyu mai kafireta yana fitar da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na mansa ba tare da ya ƙone ba, kuma cikin ruwa yake zuba shi. Ga ƙara, ga yara marasa horo suna kutsawa tsakanin masu iyo. A 1996 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta kafa ƙa'idar rage wannan gurɓata da kashi 75 cikin ɗari, za a bi ta mataki-mataki daga 1998 zuwa 2006. A 1999 aka hana irin wannan inji shiga tafkin Tahoe, a 2000 kuma hukumar gandun shaƙatawa ta ƙasa ta rufe mafi yawan wurarenta ga baburan ruwa. Kamfanoni suka juya. A 2002 Yamaha ta fitar da FX140 mai bugu huɗu, Honda ta shigo da AquaTrax, Sea-Doo ta kawo 4-TEC. Tigershark ya riga ya tsaya a 1999, Polaris ta fita a 2004, ita ma Honda ba ta wuce 2009 ba.

A nan ne sana'armu ta tsaya da ƙafarta. Dubban baburan da aka saya a lokacin rububi suka koma bayan gidaje, an lulluɓe su da tamfol, ciyawa ta fito tsakanin tayoyin tirelarsu. Waɗanda kamfaninsu ya bar harkar suka zama marayu, babu dila, babu kayan gyara. Ana cikin haka fetur ɗin Amurka ma ya sauya, bayan dokokin 2005 da 2007 da suka yawaita gauraya shi da sinadarin etanol kashi 10 cikin ɗari. Etanol yana jan danshi, yana kuma cin robar da ba a yi ta dominsa ba. Akwai wani tiyon mai launin toka da aka sa wa baburan shekarun 1990 da dama, wanda ke narkewa ta ciki ya zama wani koren kitse mai danƙo. Ba a san iyakar injinan da koren abin nan ya kashe ba.

Abin da ke kashe waɗannan injina zama ne, ba aiki ba. Don haka idan aka kawo mana wanda ya shekara biyar a ajiye, ba ma gaggawar tayar da shi, komai matsin mai shi. Sai mu cire fulogi, mu ɗiga mai a silinda, mu juya injin da hannu mu ji ko yana tafiya sumul. Sannan mu ɗaura agogon awon matsi. Lafiyayyen Rotax 787 yakan nuna wajen 150, amma abin da muka fi dubawa shi ne kada bambancin silinda biyu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Bayan haka mu toshe mashigar iska da mafitar hayaƙi, mu hura iska kaɗan a cikin injin, mu zuba wa allurar agogo ido na 'yan mintoci. Idan ta fara sauka, sil ɗin karanshaf ya bushe. Mai babur ba zai ga alamar komai ba, injin zai tashi ya yi ƙara mai daɗi, amma yana shaƙar iska ta ɓarauniyar hanya. Mai ya yi ƙaranci, zafi ya hau, cikin rabin sa'a a kan ruwa fistin ya narke ya liƙe a jikin silinda.

Kafireta ita ce wurin da ake gane bakanike. A cikin kafiretar Mikuni akwai wata 'yar matata da ba ta kai kan ɗan yatsa ba, a ɓoye ƙarƙashin murfin famfon mai. Nan koren kitsen nan ke taruwa. Sai an kwance komai a kan farin ƙyalle, an jera kowane ƙusa da sifirin yadda ya fito, an fesa kowace ƙaramar ƙofa har a ga feshin ya fito ta ɗaya ɓangaren. Daga nan a auna ƙarfin iskar da ke ɗaga allurar mai daga mazauninta, a tabbatar ya dace da abin da littafin injin ya ce, kuma kafireta biyun sun yi daidai da juna. Akwai kayan kafireta na jabu masu arha a kasuwa, mu kuwa mun daɗe da sanin araha ba ta ado: robarsu kan sandare kafin damina ta zagayo. Saitin ƙarshe ba a yin sa a kan tirela, domin inji ba ya faɗin gaskiya sai farfela ta ciji ruwa. A tafki ake buɗe totur, a kashe nan take, a cire fulogi a duba launinsa. Ruwan ƙasa lafiya ce, fari kuwa gargaɗi ne.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da ba kowa ke samun su a rubuce ba, daga baki zuwa baki suke tafiya. In za a gwada inji a gida da tiyon famfo, a fara tayar da shi kafin a buɗe ruwa, a rufe ruwa kafin a kashe shi, in ba haka ba ruwa ya bi salansa ya cika silinda. Babur ɗin da ya nutse, a cire fulogi a fitar da ruwan a tayar da shi a ranar, kwana ɗaya ya isa boris ya fara tsatsa. Masu cire famfon baƙin mai su koma haɗa shi da fetur a tanki, idan injin Rotax ne mai bawul mai juyawa, dole su bar layin man da ke jiƙa giyar bawul ɗin. Jikin da aka yi da faibar SMC, irin na Yamaha, ba ya riƙe gam ɗin faiba na gama-gari, sai ifoksi. Idan inji yana ihu amma babur ba ya gudu, a leƙa zoben da ke kewaye da farfela, watakila yashi ya cinye shi har ruwa na zillewa ta gefe.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kamfanoni suka daina ƙera wasu kayan, sai wasu suka cike gurbin. SBT da ke Clearwater a Florida ta shahara da karɓar mataccen inji ta ba da wanda aka sake ginawa. Wasu sana'arsu sayen rubabbun babura ne su farke su, su sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Masu injin sassaƙa ƙarfe suna sake gina karanshaf, wasu suna buga sababbin lambobin ado da launukan shekarun 1990, shunayya da ruwan hoda da tsanwa. Yaran da suka taso suna kallon JS550 a bakin ruwa sun girma, sun sami abin hannu, suna neman irin wanda mahaifinsu ya taɓa mallaka. Tsohuwar salansar Westcoast da a da ake jefarwa a kwandon ƙarafa yanzu nemanta ake yi ruwa a jallo, kuma a gasar Havasu an ware rukuni na musamman domin tsofaffin babura. Su kansu kamfanonin sun rufe babin: Kawasaki ta tsayar da 800 SX-R a 2011, Yamaha ta yi SuperJet mai bugu biyu na ƙarshe a 2020.

Ina son waɗannan injina, kuma ina ganin dokar da ta kawo ƙarshen ƙera su daidai ce. Abubuwan biyu ba sa karo da juna. Haƙƙin da ke kan mai gyara shi ne kada ya mayar da babur ruwa yana ɗigar da mai, ya sa tiyo mai jure etanol, ya saita kafireta yadda ya kamata, ya gaya wa mai shi tafkin da aka hana shi shiga. Haka kuma ya faɗa masa gaskiya idan kuɗin gyara zai ninka darajar babur ɗin, ya bar shi ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Damuwata ɗaya ce. Ƙarfe ana iya sake ƙera shi, amma dattawan da ke gane ciwon inji da kunne suna ta raguwa, shi kansa Jacobson ya rasu a 2022. Duk wanda ke da gareji irin namu, ya kamata ya ajiye yaro kusa da shi, ya bar shi ya kwance kafireta da hannunsa, ya kai shi tafki ranar saiti, ya rubuta masa awon kowane inji a littafi. Muddin ana yin haka, babur ɗin da aka ƙera a 1995 zai ci gaba da samun mai duba shi.