Gardamar Ƙwallo a Sabo: Abin da Tarihin Shooting Stars Ya Koya Mana

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai ɗan ajiye zancen fataucin goro da shanu, ya waiwayi wani abu da ya daɗe yana cin mana lokaci a majalisu da teburan masu shayi, wato gardamar ƙwallo. Kowa ya sani, duk ranar da aka yi waje da wani kulob daga gasar cin kofi, to washegari ba a shan shayi cikin natsuwa. Wannan ya ce koci ne bai san aikinsa ba, a sallame shi. Wancan ya ce yaran ne suka ƙoshi, ba sa gudu. Wani kuma ya ce ai baƙin 'yan wasan nan ba su da kishi, kuɗi kurum suka zo ci. Samarinmu na yanzu a kan Manchester United da Arsenal da Chelsea suke wannan ce-ce-ku-ce a gidajen kallo, har suna zaton su suka faro ta. Alhali kuwa iyayensu sun yi irinta tun ana sauraron wasa a rediyo, kuma a kan kulob ɗin da ke nan bakin ƙofarmu, Shooting Stars ta Badun.

Tun 1916 aka kafa Sabo, kuma Allah Ya haɗa mu maƙwabtaka da tsohon filin sukuwa, inda aka gina filin wasa na Adamasingba aka buɗe shi a 1988. Saboda haka ko mutum bai damu da tamaula ba, ihun 'yan kallo zai iske shi har shagonsa. A cikinmu akwai masu bin Shooting, akwai waɗanda zuciyarsu ke Arewa, da can wajen Raccah Rovers ta Kano, daga baya wajen Kano Pillars. Amma labarin Shooting kowa ya san shi, don a gabanmu aka yi.

Mu fara da shekarar daɗi. A 1976 kulob ɗin, wanda a lokacin ake kira IICC Shooting Stars, ya zama na farko a Nijeriya da ya ɗauko kofin Afirka, wato kofin kulob-kulob da suka ci kofin ƙasashensu. A wasan kusa da na ƙarshe sun fitar da Zamalek ta Masar a bugun fenariti. A wasan ƙarshe suka ba Tonnerre ta Kamaru ci 4 da 1 a gida, aka ci su 1 da nema a Yawunde, kofi ya zo Badun. To, wa ya horar da su? Wani Bature ne ɗan Ingila, Alan Hawkes. Sa'an nan tare da su Segun Odegbami da Muda Lawal da Kunle Awesu da gola Best Ogedengbe, akwai 'yan Gana irin su Philip Boamah da Joe Appiah. Ranar murna babu wanda ya tsaya tambayar garin wani. Duk 'yan gida ne.

Shekara ɗaya tak aka yi, sai ga ranar baƙin ciki. A 1977 Shooting ta haɗu da Rangers ta Inugu a wasan kusa da na ƙarshe na wannan kofi. Shekara bakwai ke nan da gama yaƙin basasa, abin ya wuce ƙwallo ya koma na ƙabila. An yi canjaras ba ci a Ikko, zukata suka yi zafi, har gwamnatin Janar Obasanjo ta mayar da wasa na biyu Kaduna, filin Ahmadu Bello. Nan ma babu ci, aka je fenariti, Rangers ta yi nasara, ta wuce ta doke Canon ta Kamaru ta ɗauki kofin. Garin Badun ya yi tsit. An yi surutai, an ɗora wa wannan laifi an ɗora wa wancan, amma shugabannin kulob, musamman Cif Lekan Salami, ba su rushe gininsu ba. Sakamakon wannan haƙuri shi ne kofin Chalenj a 1979, da kofin lig a 1980, da wani lig ɗin a 1983.

A waɗannan shekaru ne kuma Arewa ta ba Shooting gudummawar da ba za a manta ba. Felix Owolabi daga Raccah Rovers ya zo. Rashidi Yekini kuwa a Kaduna aka haife shi, a kulob ɗin masaƙar UNTL ya fara fice kafin ya sauko Badun. Su ma tafiyayyu ne kamar mu, sai dai su ƙafa suka zo da ita, mu muka zo da jari.

Yanzu ga inda tarihin ya fi ɗaci. A ƙarshen 1984 Shooting ta kai wasan ƙarshe na babban kofin zakarun Afirka, wanda a lokacin babu kulob ɗin Nijeriya da ya taɓa ɗauka. Abokiyar karawa ita ce Zamalek, wadda suka kora a 1976. Aka ci su 2 da nema a Alƙahira. Kowa ya sa rai za a rama a Ikko, sai aka sake cin su 1 da nema, kuma ƙwallon ɗan bayansu ne ya ci gidansu bisa kuskure. Kocinsu shi ne Adegboye Onigbinde, wanda a watan Maris na wannan shekarar ya kai Nijeriya wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Afirka a Abijan, inda Kamaru ta yi nasara da ci 3 da 1. Mutum ya kai wasan ƙarshe biyu cikin shekara guda, amma da aka faɗi sai ya zama abin zunɗe.

Ba a tsaya a zunɗe ba. Gwamnan soja na Jihar Oyo a lokacin, Oladayo Popoola, ya ba da umurnin a rushe kulob ɗin. Masu fushi suka tafa, suka ce haka ya dace. Amma me ya biyo baya? Odegbami ya bar ƙwallo, Muda Lawal ya yi gaba, Yekini ya koma Abiola Babes ta Abeokuta, daga can ya haura Abijan. Yaron da aka bari ya tafi shi ne ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1993, shi ne kuma ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a 1994. Ita kuwa Shooting sai da ta shekara takwas ba ta ga wani babban kofi ba, lig kuwa sai 1995 ta sake ɗauka, shekara 12 bayan na 1983. Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, to a 1984 sauke mu raba aka yi. Wani abin lura kuma, ita Zamalek da ta yi nasarar, cikin taurarinta akwai baƙo, Emmanuel Quarshie, kyaftin ɗin Gana da ya ɗaga kofin Afirka a 1982. Misirawa ba su ce ba ya kishinsu ba.

Lekan Salami ya rasu a haɗarin mota a 1988, aka sa wa filin Adamasingba sunansa. A wannan fili ne, nan kusa da mu, aka share hawaye a 1992, lokacin da Shooting ta lallasa Nakivubo Villa ta Yuganda da ci 3 da nema bayan canjaras a Kampala, ta zama ta farko da ta ɗauki sabon kofin CAF wanda Cif Moshood Abiola ya bayar. Cikin 'yan wasan ranar akwai Owolabi, mutumin da ya zo daga Kano, ya ga rushewar 1984, bai gudu ba.

Sai 1996, Zamalek kuma, a wasan ƙarshe kuma. An ci 2 da 1 a Badun, su ma suka ci 2 da 1 a Alƙahira, aka je fenariti suka tsira da 5 da 4. Koci a wannan karo shi ne marigayi Shuaibu Amodu, wanda ya riga ya ɗauko wa BCC Lions ta Gboko kofin Afirka a 1990. Labarin Amodu shi kaɗai ya isa darasi. Sau biyu yana sama wa Nijeriya gurbin zuwa kofin duniya, na 2002 da na 2010, sau biyu ana sallamarsa kafin a tafi, don ya zo na uku a kofin Afirka. A 2002 wa aka ɗauko? Onigbinde, wanda aka zunɗa a 1984. A 2010 aka ɗauko Bature, Lars Lagerback na Siwidin. Duka biyun a zagayen farko aka dawo gida. Ashe ba launin fatar koci ba ne, gaggawar masu kora ce.

Shooting ta ƙara ɗaukar lig a 1998, daga nan aka shafe fiye da shekara 25 ba a sake ba, har ta sha faɗawa rukuni na ƙasa, ciki har da 2006 da 2013 da 2017. An canza koci ba adadi cikin shekarun nan, abin bai sauya zani ba. Babban kofin da ya gagare ta kuwa, Enyimba ta Aba ce ta fara kawo shi Nijeriya a 2003, ta kuma maimaita a 2004.

'Yan Sai Masu Gida da ke cikinmu su ma suna da nasu misali. A wasan ƙarshe na kofin ƙasa a Asaba a 2018, Pillars na gaba da ci 3 da nema, Rangers ta farke duka, ta kuma yi nasara a fenariti. Da za a bi ta masu teburin shayi, da a daren nan koci Ibrahim Musa ya kwashe kayansa. Aka bar shi. A 2019 ya koma wasan ƙarshe a Kaduna, ya doke Niger Tornadoes a fenariti, kofin ya je Kano karo na farko tun 1953. Ko su samarinmu masu bin Manchester, su tuna Alex Ferguson ya zo a 1986, sai 1990 ya ci kofinsa na farko.

Abin da ya sa muka kawo wannan dogon tarihi ba ƙwallo kaɗai ba ne. Ɗabi'ar nan ta neman wanda za a ɗora wa laifi idan abu ya ɓaci, kuma a fara da baƙo, mun san ta fiye da kowa. Mun ga yadda aka kori 'yan Gana daga ƙasar nan a farkon 1983, shekara bakwai bayan 'yan'uwansu sun taya Badun ɗauko kofi. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a Fabrairun 2021, inda saɓanin mutane kaɗan ya jawo wa jama'a da yawa asarar rai da dukiya. Mu da muka haura shekara 100 a garin nan, har yau in rana ta ɓaci akan tuna mana cewa zuwa muka yi. To bai kamata a ji bakin ɗan Sabo yana cewa ɗan wasa wane ba ya kishi don ba ɗan ƙasar ba ne. In ya yi wasan banza, a faɗi wasan da ya yi, a bar asalinsa.

Muna kira ga dattawan majalisu da masu gidajen kallo da su riƙa kwaɓar yara idan gardama ta fara zama zagi, balle ta kai ga dambe da 'yan gari. Haka nan masu riƙe da ƙananan kulob na unguwa, kada a rushe tim don an fitar da ita a gasa ɗaya, a zauna a duba inda aka yi sake a gyara. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya albarkaci Sabo da mutanenta, amin.